"Me ka tara?" Tambayar da ke cin ran ƴan shekara arba'in

Yau da sa'o'inmu muke magana, maza da mata, waɗanda aka haifa tsakanin 1970 da 1985, waɗanda furfura ta fara leƙowa a gemu ko a ƙarƙashin kallabi. Akwai wata tambaya da ta addabe mu daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa har Yamai. Wani lokaci a faɗe ta ɓaro-ɓaro, wani lokaci da ido kawai ake yin ta: "Wane, shekara arba'in da biyar, me ka tara?" Abin nufi, ina gidan siminti, ina mota, ka je Makka, ka ƙara aure? In mace ce, a duba zinarin wuyanta da irin kayan ɗakin da ta yi wa ɗiyarta. In babu, shi ke nan, an yanke hukunci, wai rayuwa ta tafi a banza.

Mu dai mun ƙi wanga mudu. Mudun ƙarya ne, kuma ɓarnar da yake yi ta wuce ɓacin ran mutum guda, gari duka take shafa.

Da farko, mai yin tambayar ya tuna hanyar da muka biyo. Manyanmu an goya su cikin farin 1973 da 1974. Muna yara aka yi yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Muna lakwal aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka shiga shekarun yajin aiki da karatun da ake sokewa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100, abin da iyayenmu suka ajiye ya rabu biyu dare ɗaya. Ma'aikata suka riƙa yin watanni babu albashi. Mun ga juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Mun ga ƙarancin cimaka na 2005 da ya cika gidajen likita na jahar Maraɗi da yara masu tamowa. A 2019 aka sake rufe iyaka, kasuwanci ya tsaya. A 2023 ga takunkumi, ga ɗauke wuta, ga tsadar shinkafa da magani. Duk wanda ya ratso wannan hanya bai saci na kowa ba, kuma gidansa na tsaye, ai jinjina ta kamace shi. Amma gori ake yi mishi.

Na biyu, ku dubi kayan da ke kanmu. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Wa ke ciyar da su? Mu ne, ƴan tsakiya. Sama da mu ga tsofaffi da kuɗɗin maganin hawan jini da na suga. Ƙasa da mu ga ɗiya, ga ƙanne da ba su samu aiki ba, ga marayun ɗan uwa, ga yaron ƙauye da aka kawo birni don karatu ba a ko tambaye ka ba. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida bai kai jika hamsin ba a wata. Mutum yana riƙe da baki goma sha biyar, kowa na ci, kowa na kwana cikin rufin asiri, sannan a ce bai tara komai ba? Dukiyarsa tana nan, tana yawo da ƙafafunta cikin tsakar gida.

Bari mu kawo abin da kowa ke iya gani da idonsa. Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Damagaram bayan farin 1984 ya san yadda gonaki suka zama fili fetal. Yau a wurare da yawa gawo ya dawo. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tohon itace suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan eka miliyan 5 irin ta hekta, da itatuwa wajen miliyan 200, har ƙasashen duniya na zuwa koyo. Waɗanda suka yi wanga aiki yawancinsu ba su da mota, wasu ko amalanke sai sun ara. Da mudun "me ka tara" ba su tsinana komai ba. Da mudun gaskiya kuwa, sun bar wa jikoki ƙasar da za ta ci gaba da ba da hatsi.

Haka ma Mata Masu Dubara. A jahar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE: mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba ƴan dalolinta cikin asusu, a ranta wa mai bukata, a raba riba. Yau tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Da yawa daga cikinmu da kuɗɗin ƙuli-ƙuli da ƙosai da wannan asusu aka saya muna littafi da takalmi. Ko ku dubi mushe ɗan kwantiragi da ya yi shekara ashirin yana koyarwa cikin aji na zana, iska ta kwashe a sake kafawa. Cikin ɗalibansa akwai lokotoro, akwai injiniya, akwai mai riƙe da ofis. Ranar biki shi ake bari a tsaye bakin rumfa, a shimfiɗa darduma ga wanda babu mai iya faɗin inda kuɗɗinsa suka fito.

Mun san abin da wasu za su ce: "Ku dai kuna yi wa talauci kirari ne, kuna rufa wa ragwaye asiri." A'a. Talauci ba ado ba ne, kuma neman halal wajibi ne. Ba mu da faɗa da mai dukiya. Alhazan Maraɗi na da, waɗanda suka tashi da cinikin gyaɗa da fatauci zuwa Katsina da Kano, da me ake auna su? Da abin da ake ce wa arzikin mutane: yara nawa ka ɗauka, nawa ka ba jari, nawa suka tsaya da ƙafafunsu ta dalilinka. Manomin albasa na Galmi da ya cika motoci zuwa Abijan da Akra, in ya gina bene da guminsa, Allah ya ƙara mishi. Faɗanmu da girmama kuɗɗi ne ba tare da tambayar asalinsu ba, da kuma wulaƙanta wanda bai da su ba tare da duba abin da ya ɗauka ba.

Kuma wanga mudu namu bai ragawa malalaci. Ɗan shekara hamsin da ke wuni a fada yana shan shayi, matarsa na tallar fura tana biyan kuɗɗin haya, ɗiyansa na yawon bara, in aka tambaye shi "wa ka riƙe?" ya fi jin kunya bisa ga a tambaye shi me ya tara. Don tambaya ta farko ba a ɓuya mata a bayan "Allah bai ba ni ba".

Yanzu ga ɓarnar. Ma'aikacin da ya riƙe amana shekara ashirin, danginsa ne na farko wajen ce mishi wawa: "Sa'anka wane shekara uku ya yi a kujerar, ga shi da gida uku." Yau a faɗa, gobe a faɗa, jibi sai ya sa hannu cikin abin da ba nasa ba. Sannan mu taru mu ce shugabanni ɓarayi ne, alhali a tsakar gida ake horon ɓarawo. Uwa kuma ta ci bashi don kayan ɗaki da gara, ta saida akuyoyinta da ɗan filin gadonta, don kada kishiya ko maƙwabciya ta yi dariya. Anko kala uku, maroƙa, hotuna a WhatsApp da TikTok, bayan wata shida aure ya mutu, bashi na nan da ransa.

Mafi muni, yara na saurare. Kullum ana kuka da yaran zamani, ana maganar ƴan pale na Damagaram, da shan tiramol, da rashin kunya. To a ina suka koyi cewa mutum bai da daraja sai da kuɗɗi? Yaro ya ga an tashi tsaye don mai mota, an bar malaminsa yana neman wurin zama. Ya ji an ce wa ubansa bai tsinana komai ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun da aka gano zinari a Jado a 2014 samari nawa suka bar aji da gona suka nufi hamada? Nawa suka bi ta Agadas zuwa Libiya ba a sake jin labarinsu ba? Ba mu manta da Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara ƴan yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su. Yunwa da ƙarancin gona su ne kan gaba wajen korar mutane daga gida, ba mu musu. Amma gori ma yana kora. In wanda ya dawo bida da kaya shi ne mutum, wanda ya zauna ya yi noma shi ne abin dariya, kada a yi mamaki in gari ya watse.

Saboda haka ga kiranmu, kuma da sa'o'inmu muke farawa, tunda yanzu mu ne iyayen biki, mu ne waliyyai, mu ne kwamitin masallaci da na lakwal.

In an zo neman auren ɗiyarka, yayana, tambayi sana'ar yaro da halinsa da yadda yake riƙon uwarsa kafin ka tambayi abin hawansa. Yaya, in za ki aurar da ɗiya, yi daidai ƙarfinki, masu dariya ba su za su biya bashin ba. Unguwa ta zauna da mai unguwa da liman a tsaida iyaka ga kayan biki, kuma masu hali su fara bi, don in babba ya rage, ƙarami ba ya jin kunya. Malamanmu, in mutum ya kawo kyauta mai nauyi alhali kowa ya san albashinsa, kada a yi mishi addu'a ta musamman a lasifika. Gidajen rediyo, kamar yadda ake gaishe da Alhaji wane sau goma, a nemo tsohuwar ungozoma da mushen ƙauye da manomin da ya raya gawo ɗari, a ba su fili su yi magana yara su ji.

Kai kuma ɗan uwa da ke kwana kana juyi, kana lissafin shekaru kana ganin an bar ka baya, sake lissafin. Ƙirga waɗanda suka ci daga hannunka, da waɗanda suka yi karatu, da rigimar dangi da ka kashe, da amanar da aka ba ka ka maida cikakka. Ka ci gaba da nema, ba mu ce ka naɗe hannu ba, amma kada gorin wani ya tura ka ga haram a shekarun da ya kamata a ce kai ake kawo wa ƙara.

Abin mamaki, duk mun san mudun gaskiya, don ranar jana'iza shi muke fiddowa. Babu mai cewa marigayi motarsa huɗu. Cewa ake mutumin kirki ne, ya riƙe zumunci, bai ci haƙƙin kowa ba. To me ya hana mu auna mutum da shi tun yana jin mu? Daga yau, wanda ya tambaye mu me muka tara, mu tambaye shi wa ya riƙe, kuma da wane kuɗɗi.

Allah ya rufa muna asiri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya shirya muna zuri'a. Amin.