SHARHI: Borin jini, allurar kemis da maganin da ba shi da suna

A tsakiyar bazarar bara ƙanwata ta farka cikin dare jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, kamar wadda aka zane da tsumagiya. Tana susa, kumburin yana tashi daga hannu ya koma cinya, ya bar cinya ya bayyana a gadon baya. Da gari ya waye aka kai ta kemis ɗin unguwa, aka yi mata allura, kafin azahar fatar ta kwanta. Mahaifiyarmu ta ce borin jini ne, zafi ne ya taso shi, aka rufe zancen. Ba wanda ya tambayi abin da ta sha kafin ta kwanta, alhali a wannan kemis ɗin aka ƙulla mata ƙwayoyi huɗu a leda saboda ciwon haƙori.

Bayan wata biyu haƙorin ya sake tashi, ta sake karɓo ƙullin. A wannan karon leɓɓanta da fatar idonta suka kumbura, muryarta ta fara dishewa, muka nufi asibiti a guje. Tambayar farko da likita ya yi ita ce sunan maganin da ta sha. Mu huɗu ne a tsaye, kowa ya yi karatun boko, babu wanda ya iya ba da amsa. Fara guda biyu, ruwan ɗorawa guda, da wani kafso: iyakar saninmu ke nan.

Tun daga ranar nake kallon borin jini a matsayin batun shugabanci, domin yana tona yadda magani yake yawo a ƙasar nan.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata

A cikin fatar kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke ɗauke da sinadarin histamin. Idan wani abu ya tsokane su sai su saki sinadarin, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyayo cikin fata, wurin ya tasa yana ƙaiƙayi. Alamar da ta bambanta borin jini da sauran ƙuraje ita ce rashin zama wuri guda: kowane tabo yakan ɓace kafin awa 24 ba tare da barin shaida ba, wani ya fito a wani wuri. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan gamu da shi ko da sau ɗaya a rayuwa. Ba a ɗaukarsa daga wani. A littattafan likitanci ana kwatanta shi da jan tabo, amma a baƙar fata jan ba ya cika fitowa, sai dai tudun da hannu ke ji.

Likitoci sun raba shi gida biyu. Wanda ya wuce kafin mako shida yawanci yana da dalilin da za a iya bin sawunsa. A wajen yara, mura da sauran cututtukan ƙwayar bairos ne kan gaba, ba abinci ba kamar yadda iyaye ke zato. Akwai abinci kuma: gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da dangin jatan lande, kuma idan su ne, alamar kan bayyana cikin mintuna zuwa awa biyu bayan ci. Akwai harbin zuma da rina. Akwai magunguna, waɗanda zan dawo kansu.

Wanda ya zarce mako shida shi ne ke cinye wa mutane dukiya. A mafi yawan masu fama da shi ba a samun wani abu daga waje da za a ɗora wa laifi; sau da yawa garkuwar jikin ce da kanta ke tsokanar waɗannan ƙwayoyi, kuma ya fi kama mata. Mai shi sai ya daina cin nama, ya daina ƙwai, ya daina manja, ya rame a banza, borin yana nan. Wasu kuma gumi ne ke taso musu da ƙananan ƙuraje masu tsira kamar allura bayan ƙwallo ko wankan ruwan zafi, wasu ruwan sanyi a lokacin hunturu, wasu matsin ɗaurin zani ko igiyar jaka. Saboda haka mahaifiyarmu ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba da ta ambaci zafi. Kuskuren shi ne tsayawa a nan.

Ƙullin leda

Magungunan da aka fi sani da tayar da borin jini su ne waɗanda aka fi sha a Najeriya ba tare da takardar likita ba. Na farko dangin penisilin, irin su amoksisilin da amfisilin, waɗanda ake sha don mura, don gudawa, har don “wanke jini”. Na biyu masu rage raɗaɗi: asfirin, ibufurofen da dikulofenak, abokan leburori da ’yan acaɓa da duk wanda ya wuni yana aikin ƙarfi. Na uku masu sinadarin salfa, irin su Septrin da Fansidar. Kodin da danginsa kuwa suna sa a saki histamin kai tsaye, shi ya sa susa ta zama alamar masu shan sa. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta fitar, amma duk mai yawo a lungunan biranenmu ya san haramcin bai ƙarar da shi ba. Iyayenmu ma suna tuna ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ya fi addabar baƙar fata, kafin ƙasar ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɓoyewa. Maganin hawan jini na dangin lisinofiril yana iya kumbura leɓe, harshe da maƙogwaro ba tare da ƙuraje ba, ko da mutum ya shekara yana shan sa lafiya, kuma haɗarin ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Dattijon da ya wayi gari da kumburarren leɓe sai a ce gizo-gizo ne ya yi masa fitsari, ya ci gaba da haɗiyar ƙwayarsa.

Babu ɗaya daga cikin magungunan nan da yake guba. Sun ceci rayuka da ba sa ƙirguwa, kuma yawancin mutane suna shan su ba tare da matsala ba. Abin da ake bukata kawai shi ne wanda jikinsa ya ƙi wani magani ya san sunansa, a rubuta, a guje masa. Ƙullin leda yana rushe wannan ƙa’ida tun daga tushe. An ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu, an haɗa uku ko biyar gwargwadon kuɗin mai saye, babu suna, babu ranar lalacewa. A doka, mai lasisin ƙaramin shagon magani ba shi da izinin yin allura, kuma an umarce shi ya sayar da magani a cikin ainihin mazubinsa. Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, wadda dokar 2022 ta ƙara wa ƙarfi, ita ce ke da alhakin sa ido. A aikace, kemis shi ne asibitin talaka, kuma ba na ganin adalci ne a ɗora wa mai shagon laifin duka: yana cike gurbin da hukuma ta bari ne.

Haɗarin sake shan maganin da jiki ya ƙi shi ne abin da ya kusa faruwa da ƙanwata. Idan kumburi ya kai maƙogwaro, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebi mutum, to al’amarin ya wuce fata, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a cinya, cikin gaggawa. Piriton ba ya tare wannan. Akwai kuma wani ciwo dabam, Stevens-Johnson, da magungunan salfa da wasu na farfaɗiya ke iya jawowa: zazzaɓi, gyambo a baki da ido, fata tana salɓewa kamar ƙuna. Ba ya da yawa, amma yana kisa, kuma a farkonsa ana ɗaukarsa ƙyanda ko borin jini.

Allurar da ke kwantar da komai

Allurar da aka yi wa ƙanwata kusan tabbas sitiroyid ce, dangin deksametazon ko haidurokotizon. Tana kwantar da kumburi da sauri, mai kemis ya samu suna, majiyyaci ya tafi yana godiya. Amma maganin farko na borin jini na yau da kullum ƙwayar hana aikin histamin ce, irin setirizin ko loratadin, masu arha waɗanda ba sa sa barci sosai. Sitiroyid na ɗan gajeren lokaci ne, a hannun likita. Wanda ya mai da shi abin sha na watanni yana sayen hawan jini, ciwon sukari, raunin ƙashi da kumburin fuska. Ita ce dai ƙwayar da wasu ’yan mata ke sha don ƙiba.

A fata ma haka ne. Man shafawa mai haɗi uku, wanda ya ƙunshi sitiroyid da maganin ƙwayoyin cuta da na gwari, ya zama maganin kowane ƙaiƙayi, har jarirai ana cakuɗa musu shi da man kaɗe don su yi haske. Yana ɓoye makero ya bar shi yana faɗaɗa, yana sirantar da fata, kuma ranar da aka daina shi fuska ta yi bore. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Mayukan suna nan a kan tebur a kasuwanni, ana kuma tallarsu a TikTok da Instagram da sunan haɗin gida.

Ba kowane ƙaiƙayi ne borin jini ba, kuma a nan ne wannan man ya fi ɓarna. Ƙazwa wata ’yar mitsitsiyar halitta ce da ke haƙa rami a fata, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana son tsakanin yatsu, wuyan hannu da matsematsi. Tana bin cunkoso: sansanonin ’yan gudun hijira, gidajen yari, makarantun kwana da tsangayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017. Ana maganinta ne da yi wa duk ’yan ɗaki magani lokaci guda da wanke tufafi da shimfiɗa, abin da yaro mai kwana cikin mutum talatin ba zai iya shi kaɗai ba. Baƙin lallen da ake yi wa amare kuma sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda ke iya tayar da ƙuraje masu ruwa daidai kan zanen bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wadda ta taɓa gamuwa da haka tana iya sake gamuwa da shi duk ranar da ta rina gashi.

Ina hukuma take?

Ba za a ce ba a motsa ba. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Kano, an rufe shagunan magani sama da dubu a yankin Sabon Gari don tilasta wa dillalai komawa cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. A Fabrairun 2025 NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota a Legas, da na Onitsha da Aba, ta kwashe jabu da waɗanda suka lalace. Waɗannan matakai sun shafi dillalai da ingancin kaya. Ba su taɓa mataki na ƙarshe ba, wato lokacin da ƙwaya ke barin kwali ta shiga leda, kuma ingantaccen magani ma yana iya shaƙe wanda jikinsa ya ƙi shi.

Dalilin da ya sa ake sayen ƙwaya biyu maimakon kwali ba ɓoyayye ba ne. Bayan cire tallafin fetur da sakin naira a 2023, da ficewar kamfanin GSK daga sayar da kayansa kai tsaye a wannan shekarar, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kula da lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fitowa, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. A Abuja aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya a 2001, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin ’yan shekarun nan. Ƙwararrun likitocin fata kuwa ’yan kaɗan ne, yawancinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane, don haka mai borin jini na watanni a ƙauyen Jigawa ko Yobe zai fi saurin ganin mai tallar maganin gargajiya da lasifika.

Akwai gyaran da ba ya bukatar biliyoyi. NAFDAC tana da manhajar waya mai suna Med Safety da kowa zai iya kai rahoton illar magani ta cikinta, amma ban taɓa ganin takardar tallarta a bangon wani kemis ba, balle da Hausa. Jihohi suna iya wajabta rubuta sunan kowane magani a jikin ledar da aka ba mutum, su sa hakan cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Suna iya tabbatar da cewa kowace cibiyar lafiya ta matakin farko tana da adirenalin da ma’aikacin da ya san yadda ake yin ta. Waɗannan tambayoyi ne da za a iya yi wa ɗan majalisar jiha da kwamishinan lafiya, kuma amsarsu e ce ko a’a.

Mu dai sai da na koma kemis ɗin da sauran ƙwayoyin a tafin hannu, mai shagon ya zaro kwalaye yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kafin muka gano cewa biyu daga cikin huɗun dangi ɗaya ne na masu rage raɗaɗi. Likita ya rubuta sunan dangin a ’yar takarda, ƙanwata ta ɗauki hotonta a waya, ta saka asalin a bayan katin zaɓenta. Haƙorin kuma an cire shi.