Filin da Ya San Kakan Doki, Ya Manta da Mahayi

Duk Asabar ta farko ta watan Mayu, mutane sama da dubu ɗari suna cika filin sukuwa na Churchill Downs da ke birnin Louisville a jihar Kentucky ta Amurka. Mata su sha manyan huluna, maza su riƙe kofunan barasa, a rera waƙar jiha, sannan a saki dawaki 'yan shekara uku su yi gudun mil ɗaya da kwata cikin kamar minti biyu. Dokin da ya zo na ɗaya a lulluɓe shi da bargon jajayen furanni. Wannan ita ce gasar Kentucky Derby, kuma masu filin ba su da hajar da suke tallatawa kamar tarihi. Suna alfahari cewa tun 1875 ba a taɓa tsallake shekara ba a yi gasar ba. To, tunda tarihi suke sayarwa, ya kamata a buɗe buhun a ga abin da aka zuba a ciki da abin da aka tsince aka yar.

Wanda ya kafa filin, Meriwether Lewis Clark ƙarami, ya je Ingila da Faransa a 1872, ya ga gasar Derby ta Epsom, ya dawo gida da burin yin irinta. Kawunnansa biyu, John da Henry Churchill, suka ba shi hayar fili, daga nan sunan ya samo asali. Ranar 17 ga Mayu, 1875, aka yi gasar farko a gaban 'yan kallo kusan dubu goma. Dawaki goma sha biyar suka fito, kuma goma sha uku daga cikin mahayansu baƙar fata ne. Wanda ya ci, Oliver Lewis, saurayi ne ɗan shekara 19 a kan doki mai suna Aristides. Wanda ya horar da dokin, Ansel Williamson, a cikin bauta aka haife shi. Shekara goma kacal ke nan da haramta bauta a Amurka.

Babu abin mamaki a wannan. A kudancin Amurka bayi ne suka riƙe barga tun kafin ƙasar ta sami 'yancin kai. Su ke yankan ciyawa, su ke kwana da goɗiya mai naƙuda, su ke ɗora wa ɗan doki sirdi karon farko, su ke hawa ranar tsere, ubangida yana inuwa yana caca. Sanin doki a hannunsu yake. Shi ya sa cikin gasa 28 na farko, mahaya baƙar fata suka ci 15. Isaac Murphy ya ci sau uku, a 1884 da 1890 da 1891. Alonzo Clayton ya ci a 1892 yana ɗan shekara 15. Willie Simms ya ci a 1896 da 1898. Jimmy Winkfield ya ci a 1901, ya maimaita a 1902. Daga kansa ƙofa ta rufe: fiye da shekara 120 ke nan babu wani baƙar fatar Amurka da ya sake cin wannan gasa. Tsakanin 1921 da 2000 ma ko hawa a cikinta babu wanda ya yi, sai da Marlon St. Julien ya zo.

Masu kare martabar filin suna da amsarsu a shirye. Za su ce babu wata doka da aka rubuta ta hana baƙar fata hawa. Za su ce mutanen sun bar karkara sun yi ƙaura zuwa biranen arewa neman aikin masana'antu, sana'ar ta mutu a hannunsu da kanta. Akwai ƙamshin gaskiya a batun ƙaura, amma ba ta isa ta rufe ramin ba. Mutum ba ya barin sana'ar da yake kan gaba a cikinta, wadda ta sa Isaac Murphy ya mallaki babban gida a Lexington, don ya je ya tsaya layin masana'anta. Abin da ya faru shi ne hawan doki ya tashi daga aikin bara ya zama hanyar arziki da suna, kuma da zarar abu ya yi maiƙo, sai masu ƙarfi su tuna cewa nasu ne. A 1896 kotun ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a shari'ar Plessy da Ferguson. A cikin waɗannan shekaru mahaya farar fata suka riƙa haɗa kai a tsakiyar tsere, su matse baƙin mahayi a jikin shinge, su tare masa hanya, su kai masa bulala. Alƙalan fili suka kau da kai. Mai doki kuwa, ko ba ya ƙin baƙar fata, ba zai ɗora wanda ake farauta a kan dukiyarsa ba. A haka aka kore su ba tare da an ɓata takarda ko ɗaya ba. Rashin rubutacciyar doka bai wanke kowa ba, ya dai nuna cewa ba a ma buƙace ta ba.

A dubi inda Winkfield ya ƙare. A 1904 ya tattara ya tafi Rasha, ya zama gwarzon filayen sukuwa a can. Juyin juya hali ya kore shi, ya koma Faransa, ya ci gaba da hawa, daga baya ya buɗe bargarsa a Maisons-Laffitte. A 1961, yana dab da shekara tamanin, aka gayyace shi liyafar makon Derby a otal ɗin Brown na Louisville. Mai gadi ya hana shi da 'yarsa shiga ta ƙofar gaba, sai da aka kai ruwa rana. Mutumin da ya ci gasar sau biyu a jere ke nan, a garin da gasar take.

Abin da ya fi ci wa mutum rai shi ne wannan sana'a ba ta san mantuwa ba in dai batun doki ne. Dawakin tseren nan da Turawa ke kira Thoroughbred, asalinsu a rubuce yake. Tun 1791 ake ajiye littafin salsalarsu a Ingila, kuma kowane ɗayansu, ta wajen uba, yana komawa ga ɗaya daga ingarmu uku da aka kai Ingila daga Gabas: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. Ka tambayi ma'abocin sukuwa kakan kakan Aristides, zai buɗe littafi ya karanto maka. Ka tambaye shi sunan mahaifiyar Ansel Williamson, sai ya yi shiru. Mutanen da suka ƙirga jinin dabba har tsawon ƙarni uku ba za su ce mana ajiye suna ya gagare su ba. Sun zaɓi wanda za su tuna ne.

Kaburbura ma sun ba da shaida. Isaac Murphy ya rasu a 1896 yana da shekara 35, aka binne shi a maƙabartar baƙar fata ta Lexington, kabarin ya ɓace cikin ciyawa shekaru da dama. Shi kuwa doki Man o' War, da ya mutu a 1947, an yi masa akwati, an watsa jana'izarsa a rediyo, an kafa masa gunkin tagulla. Da aka gano kabarin Murphy, karramawar da aka ga ta dace da shi a 1967 ita ce a tono shi a kai shi kusa da kabarin wannan doki, wanda ko gasar Derby bai taɓa shiga ba. Matarsa Lucy aka bar ta a tsohuwar maƙabarta. An raba miji da mata don a ba doki maƙwabci. A Churchill Downs kuma, gunkin Aristides da aka kafa a 1987 doki ne yana gudu, bayansa babu kowa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A nan har dabbar ta fi mai hawanta rabo.

Za a ce ai yanzu an gyara. Gidan tarihin gasar yana da sashe na musamman kan mahaya baƙar fata, an sa wa wani titi a Lexington sunan Oliver Lewis, Murphy kuma yana cikin rukunin farko da aka shigar zauren gwarazan sukuwa na ƙasa a 1955. Duk wannan ya faru, kuma waɗanda suka yi fafutukar ganin ya faru sun cancanci yabo. Sai dai hoto a bango ba ya mayar da sana'ar da aka ƙwace. Abin da aka raba mutanen nan da shi gado ne: ilimin da uba ke miƙa wa ɗa a bakin barga, da jarin da zai mai da jikan mahayi mai horarwa, ya mai da jikan mai horarwa mai doki. An yanke wannan igiya tsawon ƙarni guda. Kamfanin da ya kashe dala miliyan 200 wajen sabunta dandalin da ake zagaya dawaki kafin tsere, don bikin gasa ta 150 a 2024, wadda kuɗin cinta ya kai dala miliyan 5, ba zai ce hannunsa bai kai ga ɗaura ta ba. Makarantar koyon hawa da horarwa ga yaran unguwannin baƙar fata na Louisville ba za ta ci ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba.

Kuma tsarin bai mutu ba, fuskoki ne suka canza. A yau waɗanda ke tashi kafin asuba su wanke dawaki, su kwashe kashi, su zagaya da su bayan gudu, galibinsu baƙi ne daga Meziko da Gwatemala, da yawansu suna kwana a ɗakunan da ke jikin bargar. Ranar gasa kyamara tana kan mai doki da matarsa da hularta. Wanda ya kwana yana shafa ƙafar dokin yana can gefe riƙe da ragama, ba mai tambayar sunansa.

Ba a ce a rushe hasumiyoyi biyun nan da aka gina a 1895 ba, ba a ce a daina sukuwa ba. Doki a guje abin kallo ne, kowa ya sani. Abin da ake cewa shi ne wanda ya mai da tarihi haja ba shi da ikon sayar da rabinsa a farashin cikakke. Duk shekarar da aka karanto sunan Aristides a gaban taro, a karanto na Oliver Lewis da na Ansel Williamson da murya ɗaya, a kuma faɗi dalilin da ya sa jikokinsu ba sa kan sirdi. Sannan a buɗe littafi irin na dawaki, a fara rubuta sunayen masu riƙe da ragama a yau, tun suna raye.