Ganye yana magana, mu ne ba mu da kunnen ji 🧵

1/
Jama'a, ku ɗan ba ni minti biyar. Bara kawuna a wajen Kusada ya ga masararsa ta fara ɗorawa-ɗorawa, ya sayar da akuya ya sayo yuriya ya zuba. Ganyen bai dawo kore ba. Ashe ƙuduji ne ke tsotsar saiwar ta ƙasa. Akuya ta tafi, taki ya tafi.

2/
Abin da nake so in ce: a Kankiya da Kusada mun daɗe muna zuba taki da ido da zato. Alhali akwai hanyoyin tambayar ganye kai tsaye, da haske kawai, ba tare da an tsinke shi ba.

3/
Mu fara daga tushe. Ganye ɗakin girki ne. Yana haɗa hasken rana da ruwa da iska ya yi abincin da zai zama zangarniya. Mai girkin shi ne sinadarin kore, kulorofil. Shi kuma ba ya samuwa sai da naitirojin, abin da muke saya a buhun yuriya.

4/
Buhun yuriya mai kilo 50, kashi 46 cikin ɗari ne naitirojin, wato kilo 23. Kun san kuɗinsa a kasuwa yanzu. To abin da ya kai wannan tsada ai bai kamata a watsa shi bisa "ina ga kamar" ba.

5/
Hanya ta farko: na'urar SPAD, ta kamfanin Minolta na Japan. Kamar ɗan makami take, ka matse ganye da ita. Tana harba haske iri biyu: ja mai nanomita 650 da kulorofil ke shanyewa, da mai 940 da ido ba ya gani, wanda yake wucewa.

6/
Sai ta kwatanta biyun ta ba ka lamba nan take. Lamba ta yi sama, kore ya cika. Ta yi ƙasa, ganye na jin yunwa. Tana kama bambancin da idonka ba zai rabe ba, balle da tsakar rana.

7/
Dabarar da masana ke bi: ka ware kunya biyu ko uku ka ba su taki isasshe. Su ne ma'auninka. Ka auna su, ka auna sauran gonar. In sauran sun gaza kashi 95 cikin ɗari na lambar waɗancan, lokacin ƙari ya yi. In ba su gaza ba, ajiye takinka.

8/
Hanya ta biyu ta fi ban mamaki. Ganye ba ya cinye duk hasken da ya sha. Kaɗan daga ciki, kamar kashi 1 zuwa 2, yana maido shi waje a matsayin wani jan haske mai rauni. Kautsky da Hirsch suka bayyana yadda yake hawa da sauka a Jamus tun 1931.

9/
Ana rufe ganyen a duhu kamar minti 20, a haska shi da ƙarfi, a auna abin da ya dawo. Lafiyayyen ganye yana ba da lamba kusan 0.83. In ta faɗi sosai, injin girkin kansa ya samu matsala, ko da ganyen na nan kore shar.

10/
A Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka an ƙera ƙaramar na'ura mai wannan aiki, MultispeQ, wadda ke haɗuwa da wayar hannu. An yi aiki da ita a gonakin ƙananan manoma a Malawi. Manoma ne irin namu, ba masu jirgin feshi ba.

11/
Hanya ta uku daga sama take. Taurarin Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton ƙasa kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo mita 10. Hotunan kyauta ne. Mai kwamfuta da data a Kankiya zai iya ganin inda kore ya ragu, in dai hadari bai rufe ba.

12/
Na san wani zai ce: "Malam, mutanen da ke neman kuɗin taki ne za su sayi na'ura?" Gaskiyarka. Ban ce kowa ya saya ba. Injin niƙa ma ai ba kowane gida ke da shi ba, amma kowa na cin tuwo.

13/
Guda ɗaya a hannun malamin gona na KTARDA, ko ƙungiyar matasa ta mazaɓa, za ta zagaya gonaki da yawa a mako. Akwai ma mai araha: katin launin ganye na cibiyar IRRI ta Filifin, roba ce mai matakan kore, ka kara da ganyen shinkafa ka duba.

14/
Amma kar mu ruɗi kanmu. Na'ura za ta ce maka ganye ba lafiya, ba za ta ce maka dalili ba. Da kawuna ya auna, lamba za ta faɗi, amma sai an tona gindin an ga ƙuduji. Layin gwajin nan ne zai tona asiri: an ba shi taki, shi ma bai farfaɗo ba, to ba yunwa ba ce.

15/
Ilimin tsofaffinmu na nan da amfaninsa. Ganyen ƙasa ya fara rawaya daga baki, yawanci naitirojin ne. Sabon ganye na sama ne ya kode, a duba wani abin daban. Na'ura ƙari ce a kan ido, ba kishiyarsa ba.

16/
Sannan lambar da ta dace da masarar Amurka ba lallai ta dace da gero da dawarmu a jigawa ba. Nan ne aikin IAR Samaru, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta BUK, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka da mu. Ɗaliban noma, ga batun bincike a ƙofar gida.

17/
Ga masu neman ƙuri'armu a mazaɓar Kankiya, Ingawa da Kusada: rabon taki da hoto mun gani, mun gode. Amma wani ɓangare na kuɗin takin zai sayi abin aunawa a koya wa matasa goma. Taki damina ɗaya ne, sanin lokacin zuba shi kuwa na kowace shekara.

18/
Ku faɗa min a ƙasa: a garinku da me ake gane lokacin zuba taki na biyu? Ƙirgen kwana, launin ganye, ko in an samu kuɗi? 😅 Ku tura wa malamin gonar da kuka sani. Allah ya ba mu damina mai albarka.