Shekarar farko kyauta ce, sauran ukun fa?

Kwanakin baya bayan sallar Magariba wani dattijon unguwarmu ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ciro takarda daga aljihu ya ce, "Ticha, duba mini wannan." Takardar kuɗin makarantar 'yarsa ce, yarinyar da na koyar a ƙaramar sakandare, yanzu za ta shiga aji biyu a jami'a. Bara bai biya kuɗin karatu ba, gwamnati ta ɗauke masa. Bana ga takarda ta iso, ga kuɗin ɗakin kwana, kasuwa kuma ba ta tafiya. Na ce, "Baba Alhaji, ai akwai bashin ɗalibai, kuma yanzu ba a neman wanda zai tsaya mata." Tambaya ɗaya ya yi mini: "Da ruwa a kai?" Na ce akwai. Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya ce shekara talatin yana kasuwa bai taɓa riba ba, ba zai sa 'yarsa ta fara rayuwa da ita ba.

Ban iya ce masa komai ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Gaskiya dai an yi ƙoƙari, kuma ɓangarorin siyasa biyun kowa ya sa hannu. Tun 2017 sakandare ta zama kyauta, yaran zango da a da suke tsayawa a aji uku na ƙaramar sakandare suka fara wucewa. A 2022 aka cire sharaɗin mai tsaya wa ɗalibi kafin ya samu bashi daga asusun Students Loan Trust Fund, katin ɗan ƙasa na Ghana Card ya wadatar. Wanda bai rayu a zango ba, ba zai gane girman wannan ba. A da galibi sai ka samo ma'aikacin da ke zuba kuɗin fansho a SSNIT ya sa maka hannu, mu kuwa iyayenmu mahauta ne da direbobin trotro da masu sayar da wakye, ina suka ga SSNIT? Sai kuma a 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin No Fees Stress a Koforidua, wanda ke biyan kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantun gwamnati.

To amma digiri shekara huɗu ne. An kai yaro bakin kogi, an tsallakar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, sauran an ce ya hau kwalekwalen bashi. Kwalekwalen nan kuwa akwai gidaje da yawa a Nima da Sabon Zango da Aboabo da ba za su bar ɗansu ya hau ba, domin bashin yana ɗauke da kuɗin ruwa. Ko an rage shi, ga mutum irin Baba Alhaji ruwa ruwa ne, kaɗan ko da yawa.

Na san abin da wasu abokan aikina ke cewa: ai taurin kai ne, lalura ce, kowa ma yana karɓa. Ni kaina na karɓa. Na shiga kwalejin horon malamai a shekarun da aka dakatar da alawus ɗin ɗalibai aka ce mu koma ga bashi, kafin a dawo da alawus ɗin a 2017. Ban gaya wa mahaifina ba sai da na fara aiki, kuma har yau in maganar ta taso sai ya kau da kai. Ni ba mufti ba ne, ba zan ce wanda ya karɓa ya yi zunubi ba, ba kuma zan ce wa wanda ya ƙi wawa ba. Abin da na gani da idona shi ne, in uba ya ƙi, yawanci 'ya mace ce ke komawa gida. Namiji zai yi buga-buga, ya hau babur ko ya yi dako lokacin hutu ya haɗa kuɗin. Ita kuwa sai a ce ta ɗan jira shekara ɗaya, kafin shekarar ta ƙare an kawo goron tambaya.

Saboda haka roƙona ga gwamnati ɗaya ne: a buɗe wata ƙofa a cikin asusun nan wadda babu ruwa a kanta, ga duk mai so, Musulmi ko Kirista. Ba sabon abu ba ne. A Najeriya dokar da aka sa wa hannu a 2024 ta kafa bashin ɗalibai na NELFUND ba tare da kuɗin ruwa ba, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ba na cewa komai nasu yana tafiya daidai, amma sun nuna ƙasar da ba ta addini ɗaya ba tana iya yin haka.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, bai kamata mu yi kamar ba mu san ta ba. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Sidi dubu da aka ba ɗalibi yau, in ya dawo da shi bayan shekara shida ko bakwai, ba zai biya wa ƙaninsa abin da ya biya masa ba. Asusun da ba ya karɓar komai a kai, a hankali zai ƙafe. Wannan gaskiya ne. Amma giɓin nan lissafi ne da za a iya zama a yi. Ana iya sa tsayayyen ladan hidima wanda ba ya ƙaruwa da tsawon lokaci, a cike sauran daga GETFund, wanda dama da harajin da dukanmu muke biya a kasuwa ake cika shi. Ga kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. In ana iya gina magudanar ruwa da filin ƙwallo da sunan zango, ban ga dalilin da zai hana a ɗauke wa ɗaliban zango wannan giɓin ba.

Sai dai kar mu zauna jira. A Ingila tun 2013 Firaminista David Cameron ya yi wa Musulmi alkawarin tsarin bashin karatu marar riba, aka shafe fiye da shekara goma ana jiran sa. Su ke nan da ke da kuɗi da ƙwararru. Mu in ba mu matsa ba, jikokinmu ne za su gani.

Matsawar kuma daga gida za ta fara. Malamanmu su zauna, Tijjaniyya da Ahlussunna da kowa, su ba iyaye amsa ɗaya bayyananniya a kan bashin nan, maimakon kowane uba ya yanke wa kansa hukunci a ƙofar masallaci. Idan sun ce bai halatta ba, to nauyi ya hau kansu da kanmu mu samar da madadinsa. Mun iya adashi, mun iya tara kuɗin anko da na suna cikin mako guda. Masallacin Juma'a guda ɗaya, in ya ware wani abu daga zakka da sadakar da ake tarawa, zai iya riƙe ɗalibai biyu ko uku har su gama, da sharaɗin in sun fara aiki su mayar da abin da aka ba su, ba ƙari, a ba na bayansu. A rubuta komai, a karanta lissafi a gaban jama'a, don mun sha ganin asusun da aka buɗe da kabbara ya mutu shiru.

'Yan majalisarmu na Ayawaso da Asawase da sauran mazaɓun da zango ke da ƙuri'a, wannan tambayar ya kamata mu riƙa yi musu duk ranar da suka zo ɗaurin aure ko jana'iza: yaushe za ku kai maganar bashi marar ruwa zauren majalisa?

Ita dai yarinyar, mu huɗu cikin tsofaffin malamanta mun haɗa abin da ya sawwaƙa, kawunta da ke aiki a Tema ya cika kuɗin zangon farko. Na zango na biyu har yanzu ba mu san inda zai fito ba.