Jiran Alat Ba Sana'a Ba Ce

Akwai wata gajiya da ba a cika yarda a kira ta gajiya ba a ƙasar nan, wato ta mutumin da ke da aiki amma ba shi da abin yi. Ya isa ofis da safe, ya sa hannu a rajista, ya gaisa da jama'a, a yi hirar siyasa da ta farashin masara, a yi sallar azahar, kowa ya kama gabansa. Ƙarshen wata waya ta yi ƙara, alat ya shigo. Haka za a yi ta yi har shekara 35 ta cika, ko mutum ya kai shekara 60 a duniya, a ba shi takardar ritaya.

Da zarar ya buɗe baki ya ce zuciyarsa ta gundura, sai a yi masa caa: "Kai dai ka gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Gaskiya ne, wasu nema suke. Amma ni ban yarda godiya tana nufin mutum ya zuba ido basirar da Allah ya ba shi ta mutu a kan kujera ba. Wanda ya karanci aikin gona ya ƙare da jeranta fayil ɗin da ba mai buɗewa yana da hakkin ya damu. Damuwar ma alama ce ta cewa da sauransa.

Sai dai ba na cikin masu zuga mutane su ajiye aiki gobe da safe. Mai iyali da kuɗin haya da kuɗin makaranta a wuyansa, in ya yi haka ya saki reshe ya kama ganye. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, duk da bai kai ya kawo ba, wani gidan da shi ake ɗora tukunya.

Tarihin Alhaji Abubakar Imam ya fi kowace huɗuba koyar da yadda ake sauya hanya. Malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da aka sanar da gasar rubuta littattafan Hausa a 1933. Bai bar aji ba, yana koyarwa ya rubuta Ruwan Bagaja. Rubutun ne ya sa aka jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Koyarwa aiki ne mai daraja, ba wannan nake ja ba. Abin lura shi ne, sai da aikin hannunsa ya fita, mutane suka gani suka yaba, sannan ƙofa ta buɗe. Yawancinmu kuwa so muke ƙofar ta buɗe tukuna, alhali ba mu da komai a hannu da za mu nuna.

To, ta ina ma'aikaci zai fara? Ya fara da sanin doka. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ya keɓe noma. Wannan ba ƙaramar kafa ba ce ga mutanen da ke da filayen noman rani irin na Kadawa da Kura. Koyo kuma ba wanda ya hana. Asabar da Lahadi sun isa mutum ya durƙusa gaban mai gyaran waya, ko tela, ko mai haɗa sola, ya zama yaron shago na ɗan lokaci. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin mai digiri yana jin nauyin a gan shi yana miƙa wa ɗan sakandare sukundireba. Wannan girman kan ya tsare mutane a ofis fiye da yadda talauci ya tsare su.

Kuma kada a ruɗe, aiki mai gamsarwa ba ya nufin aiki mai sauƙi. Ungozoma tana kwana a tsaye, manomin tumatir yana iya tafka asara a kaka ɗaya. Bambancin shi ne idan sun kwanta sun san wanda ya amfana da wahalarsu, suna iya kiran sunansa. Da wannan nake auna kowane aiki, kafin a zo maganar riba.

Wanda kuma nauyi ya yi masa yawa, ba halin fita, bai rasa abin yi ba. A cikin gwamnatin nan akwai wuraren da aiki ya fi ƙarfin ma'aikata: makarantun ƙauye da malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa, ƙananan asibitocin da ba mai kula da katin marasa lafiya, ofisoshin malaman gona da manoma ke nema ba sa gani. Kowa gudun wuraren yake saboda nisa da rashin wuta, shi ya sa mai neman a kai shi can ba shi da abokan takara da yawa. Ya shawarci iyalinsa, ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki, ya kai da hannunsa.