Gorin Haihuwa: Darasi Daga Ƙasar Tamil

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, mun daɗe muna kallon finafinan Indiya, amma ba mu waiwayi littattafanta ba. A 2010 Perumal Murugan ya wallafa Madhorubagan da harshen Tamil na kudancin Indiya, Aniruddhan Vasudevan kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 2013.

Labarin Kali ne da matarsa Ponna, manoma masu ƙaunar juna, waɗanda suka shekara 12 ba haihuwa. Su sun haƙura, dangi ne suka ƙi haƙura. Gori ya yi yawa, har iyayensu mata suka shirya tura Ponna wani bikin addini inda al'ada ta yarda ta nemi ciki wurin baƙo. Littafin ya jawo bore, marubucin ya ajiye alƙalami a 2015, sai da Babbar Kotun Madras ta kare shi a 2016.

Wannan al'ada ba tamu ba ce, ba kuwa ma goyon bayanta. Amma gorin namu ne. Mata nawa aka kira juya tun likita bai duba mijin ba? Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma haihuwa ta Allah ce, kuma zumuncin da ke rushe aure ya zama zalunci.

A 2012 an buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a Cennai, babban birnin Tamilawa. Sun karanta namu. Ya kamata masu nazarin harsuna cikinmu su mayar da nasu Hausa.