Ƙarfen sabis na kuka, wa ke saurarensa?

Duk lokacin da sabis ya ɗauke a Nima, ko Aboabo, ko Tamale, abin da muke faɗa bai wuce "netwok ya lalace" ba, sai ka ce hadari ne da ba mai iko da shi. Ni kam ban yarda ba. Sau da yawa ƙarfen sabis yakan daɗe yana kuka kafin ya mutu, sai dai bai samu mai sauraro ba.

A gindin kowane ƙarfe akwai akwati ko ɗan ɗaki mai ɗauke da na'urorin sadarwa, da batura, galibi kuma da janareta a gefe. An dasa ƙananan na'urori masu gadin wurin: wata na auna zafi, wata na jin hayaƙi, wata na jin ruwa in ya shigo, wata na kan ƙofa, wata na duba yawan mai a tanki. Da an ɗauke wuta, ko batir ya fara rauni, sai saƙo ya tafi ɗakin sa-ido na kamfanin, inda ma'aikata ke zaune gaban allo dare da rana. Yawanci ana haɗa wayar ƙararrawar ta yadda ko yanke ta aka yi, yankewar ma za ta kai rahoto.

Wannan ba ƙawa ba ce a ƙasa irin tamu. Baturan dalma da ake sawa a irin waɗannan wurare sun fi son zafin da bai wuce digiri 25 ba, kuma ƙarin digiri 10 kan haka yakan rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. To ina ga Bolgatanga ko Navrongo a watan Maris, inda zafi kan haura 40? Ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, fanka na juyawa amma sanyi ba ya shiga. Mun kuma ga abin da ruwa ya yi a Akara ran 3 ga Yuni 2015. Na'urar da ke gindin ƙarfe ba ta iya iyo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙararrawa ba ta gyara komai, kira kawai take yi. Saƙonnin ma hawa-hawa ne: akwai na gaggawa, akwai babba, akwai ƙarami, akwai na jan kunne. In ba a tsara su da kyau ba, ɗaukewar wuta guda sai ta haifi saƙonni rututu, na gaske ya ɓace a cikinsu. A aji na san wannan. Yaron da kullum ke cewa "Malam, cikina," ranar da ciwon ya zama gaske da wuya a kula shi. Haka ƙofar da makullinta ya saki take ta aika ƙarya, har ma'aikaci ya gaji ya toshe saƙonta. Ranar da ɓarawon batir ya zo, sai ya tarar an share masa hanya.

Wani zai ce wannan matsalar kamfani ce, ina ruwan malamin makaranta? Akwai ruwana. Ɗalibaina ta intanet suke duba sakamakon BECE da makarantar da aka tura su. Iyayensu mata masu koko da waake da MoMo suke karɓar kuɗi. Mai naƙuda da tsakar dare waya ake bugawa a nemo mota. Ran 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, kowa ya ɗanɗana. Waccan ta fi ƙarfinmu. Amma ƙarfen da ya mutu don mai ya ƙare, alhali ma'aunin tanki ya daɗe da faɗa, wannan sakaci ne.

Na san tura injiniya ƙauye mai nisa da damina yana cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa ma ya kamata a amsa kiran tun yana ƙarami. Wanke matatar iska ya fi sayen sababbin batura araha.

Don haka ina kira ga kamfanonin waya da masu turakun da su riƙa gwada na'urorin nan kafin bazara da kafin damina, su gyara masu ƙarya maimakon toshe su. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta riƙa tambayarsu tsawon lokacin da ke tsakanin shigowar saƙon gaggawa da isar mai gyara, gunduma-gunduma, ta kuma bayyana wa jama'a. A nan za mu gane ko Zango da ƙauye na samun irin kulawar da manyan unguwanni ke samu.

Mu ma da namu. Wanda ya saci batir ko dizal a gindin ƙarfe, maƙwabtansa ya cuta, haka ma wanda ya saya a hannunsa. A liƙa lambar waya a jikin shingen, a sanar da sarkin Zango da limamai. In muka ga ƙofa a buɗe, ko janareta ya yi shiru alhali babu wuta, mu buga tun sabis ɗin bai ɗauke ba.